Idon Roba a Ƙofar Gidana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau tsani a ƙofar gidana ba, rabin unguwa na ƙasa sun ɗaga kai suna kallona, ni kuma ina roƙon Allah Ya sa tsanin ya karye in faɗo, ko na samu a tausaya mini. Bai karye ba. Tsanin aro ne, mai ƙwari.

Bari in faro daga tushe. A shekarun da wayar hannu ta fara cika Zuru, na yi abin da ya fi ƙarfina, na sayi mota. 'Yar Kwatano ce, ta sha duniya kafin ta zo hannuna, ba ta tashi da safe sai an tura (maƙwabtana sun yi ƙwanji a dalilinta, ba wanda ya taɓa gode mini). Amma mota mota ce, ni kuwa malamin makaranta ne, kuma duk layinmu ba mai ita sai ni. Matsalar ɗaya ce, ƙofar gidanmu ba ta shigar mota, dole ta zauna a waje ƙarƙashin dogonyaro. Lokacin kuwa ɓarayin abin hawa sun addabi gari. Yau a ce an ɗauke mashin a bakin asibiti, gobe a ce an tsinci motar wane a hanyar Ribah ba tayu ba batir.

Na taɓa ganin kyamarar tsaro a wani banki a Birnin Kebbi, sai zuciya ta raya mini ai maganin ke nan. Na nufi shagon wani mai kayan lantarki da ke saro kaya daga Anaca. Ya fito mini da ta farko, ya ce tana gani kuma tana ajiye abin da ta gani, amma sai da akwatin naɗi da talabijin da wutar da ba ta yankewa. Wuta a garinmu! Da ya faɗi kuɗinta na yi dariya, na zaci wasa yake, don kaɗan ya rage ta kamo motar da za ta yi gadi. Ta biyu tana gani amma ba ta ajiyewa, sai an zauna an zuba mata ido wuni guda. Ina shirin tafiya ya janyo wata daga ƙasan kanta, ba nauyi kamar gwangwanin da aka shanye madararsa, da wata 'yar jar fitila a goshinta tana ƙifta ido.

"Wagga hwa, Malam, ba ta gani, ba ta ji," in ji shi. "Batirin rediyo taka ci. Aikinta tsorata ɓarawo, awa mutum-mutumin gona."

Ku shaida, mutumin bai cuce ni ba. Ya gaya mini gaskiya tun a shago, ni na zaɓa da idona biyu. An ce araha ba ta ado, amma ni ranar na ga ta yi mini ado ƙwarai. Na kawo ta gida na kafa ta can sama, kan ƙofar zaure, ta fuskanci dogonyaro.

Da na yi shiru da bakina, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na lissafa cewa ɓarawo ba zai ji tsoron abin da bai ji labarinsa ba, don haka na shiga yi mata talla. A majalisa na ce tana hango har kwanar kasuwa. A makaranta na ce ko ƙuda ya gitta sai ta ɗauki kamanninsa. Kafin wata ya zagayo yara sun daina fitsari a jikin katangata, mata na gyara mayafi in za su wuce, har mai unguwa na taɓa kamawa yana daidaita hularsa a gabanta. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, irin daɗin da albashi bai taɓa ba ni ba.

Matata kaɗai ta san sirrin, don ita ke cire batir daga rediyonta in fitilar ta dushe.

"Baban Hajara," ta ce mini wata rana, "ramin ƙarya hwa ƙurarre ne."

Na ce mata wannan ba ƙarya ba ce, dabarar tsaro ce, kuma ba fanninta ba ne.

To, akwai Baba Saje. Tsohon soja ne, mutumin Dabai, abokin marigayi mahaifina. Shi coci, babanmu masallaci, amma a kwano ɗaya suka yi ta cin tuwo har mutuwa ta raba. Ya je yaƙin Laberiya ya dawo da ƙafa ɗaya tana ja, kuma da aka sallame shi, abin da aka ba shi ya zuba a mashin. Mashin ɗin shi ne ƙafarsa. Da shi yake kawo dawa kasuwa, da shi yake kai tsohuwarsa, wato matarsa, asibiti awon jini. Duk ranar kasuwa a ƙofar gidanmu yake ajiye shi, kamar yadda mutanen ƙauye ke barin abin hawansu gidan wanda suka sani. Zai ciro wata ƙatuwar sarƙa, ya zagaya ta cikin taya, ya ɗaure a gindin dogonyaro, ya danna kwaɗo, ya jijjiga ya ji ta kama, sannan ya tafi.

Ranar da bakina ya kai ni ya baro, ina zaune da abokai a ƙofar gida, ya zo ya durƙusa da ƙyar yana fama da sarƙar. Sai na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Baba, zamanin sarƙa ya wuce. Dubi sama. Muddin wannan idon na buɗe, ko allura ba ta ɓata a ƙofar gidan nan. Ni na ce."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon jar fitilar. A tsarin mutanensu, kuma a tsarin soja, in maigida ya ɗauki amanar kayanka da bakinsa a gaban mutane, ka sake sa kwaɗo, to ka kira shi maƙaryaci ke nan. Baba Saje ba zai yi wa ɗan abokinsa haka ba. Ya warware sarƙar, ya miƙo mini.

"To, ɗana, aje mini ita zaure. Tunda kai ka ce."

Har ya ƙame ya sara wa kyamarar, muka yi ta dariya. Na fi kowa dariya. Na san abin da ke cikinta, na karɓi sarƙar da hannuna, na kuma yi dariya.

An yi kasuwa an sake yi, lafiya lau. Ranar da abin zai faru, da rana tsaka, na taso daga makaranta na tarar da ƙofar gidana cike. Motata na nan daram (ɓarawon kirki ba ya satar abin da sai ya nemi masu turi). Inda mashin yake kuwa, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Baba Saje na zaune kan dakali, hankalinsa kwance, har shi ke lallashin mutane.

"Ku bar hayaniya, Malam ya iso. Yanzu muna ganin huskar ɗan banzan."

Na dubi taron. Ga mai unguwa, ga ɗan sanda da aka kira, ga iyayen ɗalibaina. Na ce ai sai an kawo wuta. Wani maƙwabci ya ruga ya janyo janareto. Na ce sai da talabijin, nawa kuma ya lalace. Kafin in rufe baki ga wani ɗauke da nasa a ka. Ban taɓa sanin unguwarmu na da zumunci haka ba sai ranar da ba na bukatarsa. Na ce akwai wata waya ta musamman da sai an aiko daga Legas. Nan ɗan sandan ya gaji, ya ce a sauko da kyamarar a tafi da ita ofis, su suna da mai duba musu.

Haka na hau tsanin nan. Na kwance ta, na sauko. Ɗan sandan ya auna ta a tafin hannu, ya dube ni, ya ɓalle murfin. Batiran rediyon matata ne a ciki, sai gidan zanzaro da ya gina da laka a daidai inda ya kamata a ce ido yake.

Janareto na ta ruri a banza. Can wani daga baya ya ce, "Malam, ko zanzaron za mu kai ohis? Shi kaɗai ya ga ɓarawo." Dariya ta ɓarke, har da mai unguwa, mai gyaran hula. Matata na hango ta bayan labulen zaure, ita ba ta yi dariya ba, ta saki labulen ta koma ciki.

Wallahi na so Baba Saje ya zage ni. Da ya ɗaga sandarsa ya sauke mini, da na ji sanyi. Sai ya miƙe a hankali ya ce da mutane, "Ya isa hakanan. Ɗan abokina ne." Ya shiga zaure ya ɗauko sarƙarsa, ta riga ta fara tsatsa inda na jefar da ita, ya ɗora mini a hannu.

"Riƙe, ka ɗaure motarka. Ita ba ta ƙyalƙyali, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ba a ga mashin ɗin ba har yau. Na bi shi Dabai na ce zan biya a hankali, ya ce ba ni na sata ba, in sha ruwa in koma gida. Na ce to in riƙa ɗauko shi ranar kasuwa da mota, ya ce ƙafar da ta taka Laberiya, Zuru ba za ta gagare ta ba. Bai sake ajiye ko kwando a ƙofar gidana ba. Nakan hango shi a hanya yana jan ƙafa, tsohuwarsa na biye, in rage gudu, ya ɗaga mini hannu alamar in wuce.

Daga baya na bi ta shagon nan, na ga irin kyamarar tawa jibge a tire a bakin ƙofa, kusa da bindigogin roba na yara. Wato duk ɓarawon da ke shiga kasuwa ya san ta, ya san kuɗinta, mai yiwuwa ma ya taya.

Abin da na koya ke nan, kuma wani ne ya biya mini kuɗin makarantar da ƙafarsa. In ka rataye ƙarya don ɓarawo, ɓarawo ba zai yarda da ita ba, sana'arsa ce, ya fi ka saninta. Mai gaskiya ne zai yarda. Motar ta daɗe da zama ɗakin kaji, amma sarƙar tana nan a ƙusar da kyamarar ta bari, kullum sai na sunkuya ta ƙarƙashinta kafin in shiga gidana.