Kifin Madam da Ruwan Kwara

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da kuwa na manta sunana, ya faru ne a shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. A lokacin, duk Bagudo har zuwa kan iyakar Benin babu wanda ya kai ni sanin kifi. Jikan masunta ne ni gaba da baya. Tarwaɗa in ta gan ni sai ta gyara gashin baki ta gaishe ni. (Haka dai nake faɗa a majalisa, kuma ba a taɓa samun wanda ya je ya tambayi tarwaɗar ba.)

Wannan cika bakin ne ya sa Oga Emeka mai kemis ya same ni wata ranar kasuwa, gumi sharkaf.

"Sarkin ruwa, ka taimake ni. Kifin Madam, matata, ba lafiya. Ta tafi gida ganin uwarta, ta ce in ya mutu kada ta dawo ta same ni da rai."

Na bi shi ina taƙama. Da shigata falon sai na yi turus. Akwatin gilashi ne ya kai tsawon gado, da fitila a samansa, ga wasu duwatsu masu launi suna motsi kamar suna numfashi. Daga Kwatano Madam ta ɗauko shi. A ciki ga kifin, rawaya kamar ƙwaiduwa, bai fi tafin hannuna ba. Jikinsa ya yi ɗigo-ɗigon fari, yana goga haƙarƙari a dutse, yana haki.

Ban taɓa ganin irinsa ba, amma na gyaɗa kai na ce, "Wanga? Mun sha kama kakanninai."

Sai aka aiko wai ana neman Emeka a shago, ya fita ya bar ni da majinyaci. Na tsoma yatsa a ruwan na lasa, yadda kakana yake yi. Innalillahi! Gishiri! Ba ɗan kaɗan ba, irin wanda amarya ke zubawa in hayaƙi ya rufe mata ido. Na tofar. Wane mara imani ne ya jiƙa kifi da gishiri tun yana da rai? Ashe ɗigon farin nan ma gishirin ne ya fara fito masa ta fata!

Na leƙa bayan ɗaki na ga jarkoki a jere. Na ɗanɗana, su ma gishiri. Na ce lallai maƙiyan Emeka ba su zo da wasa ba. Na tuntsurar da su duka a kwata. Na samo tiyo na zuƙe ruwan akwatin da baki, yadda masu fetur ɗin bakin iyaka ke yi, sannan na tare mai ga-ruwa na cika shi da ruwan Kwara mai daɗi, wanda ya raini iyayenmu.

Kifin ya zabura ya zagaya da gudu. Na ce, "Alhamdulillahi, ya ji ruwan gida!" Can kuma sai ya karkace. Duwatsun suka tsuke, suka fara fitar da yauƙi. Kafin Emeka ya dawo, majinyacina ya juya ciki sama.

Emeka ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi akwatin, ya dubi tiyon da ke hannuna.

"Mene ne wannan?"

"Sammu aka yi muku, Oga. Gishiri aka zuba, har cikin jarkoki. Amma na zubar."

Ya dafe kai ya sulale ƙasa. "Ruwan teku ne! Kifin teku ne! Daga Kwatano muke ɗauko ruwan a mota!"

Wallahi sai a ranar na san akwai kifin da ke kwana ya tashi a cikin gishiri ba a tukunya ba. Ilimina ashe a gaɓar Kwara ya tsaya.

Da Madam ta dawo na je ba da haƙuri, na durƙusa har hulata ta faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, na ji ruwa ya ci mutum, na ji ya ci saniya. Amma ruwa ya ci kifi, sai a hannunka."