Rasuwar Madubin Hangen Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, autar mai jirgin fito take sanar da dangi da abokan aikin ruwa rasuwar madubin hangen nesa na babanta, wanda ya cika jiya da hantsi a hannunta, bayan doguwar jinya.

Ranar da aka zaɓo marigayin, Auta tana yarinya, riƙe da gefen rigar Baba. Mai shago ya yi ta tallan wani ƙato mai jawo nesa har bakin hanci. Baba ya kafa shi a ido, ya shiga tangaɗi da gangan kamar yana kan ruwa, mutane na ta dariya. Sai ya ajiye ƙaton, wai mai zuzuta abu rawa yake yi a jirgi, ya ɗauki marigayin, mai matsakaicin gani. Igiyar da ke hana nutsewa kuwa ya ƙi ta, wai abin da ke wuyansa ba zai nutse ba sai tare da shi.

Ranar da jirgin Baba bai dawo ba, marigayin yana rataye a ƙusa a gida. Mantuwar Baba ta farko ke nan.

Shekara uku Auta tana bin jirgin yayanta, ta zauna a gaba tana dubawa ko za ta hango Baba. Marigayin bai taɓa yi mata ƙarya ba, in kututture ne ya nuna mata kututture. Bai kuma taɓa ce mata ta haƙura ba. Maganarsa ɗaya ce, idan ta murza shi: ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Ciwon ajalinsa laima ce. Ta shiga idonsa na hagu, ta bar tabo kamar mutum a tsaye da gorar tuƙa jirgi a hannu. Duk inda Auta ta juya, mutumin yana nan a kan ruwa. Mai gyara ya ce funfuna ce kawai, yanzu zai goge. Ta karɓe abinta kafin ya goge. Jiya fari ya rufe idanun biyu, mutumin ma ya tafi.

Ya rasu ya bar jakarsa ta fata, da murfi ɗaya, da ƙusar da Inna ta hana a cire.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Jirgin Yaya zai kashe inji a inda aka tsinci hular Baba, a nan za a saki marigayin. Ba shi da igiyar hana nutsewa, zai sauka har ƙasa. Don Allah kada kowa ya kawo sabo. A yi wa Auta uzuri idan ba ta amsa gaisuwa ba, mantuwar Baba za ta kai masa.