Yadda Na Fito da Rana Daga Yamma

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni aka naɗa shugaban kwamitin ginin masallacin unguwarmu a Ƙaura, saboda na taɓa leƙa firamare. Injiniya, ƙanen matata, ya zana ginin a kwamfuta, har ya sa wata fitila a matsayin rana, tana tafiya daga fitowa zuwa faɗuwa don a ga inda inuwa za ta sauka. Wani Alhaji daga Shinkafi zai zo ya gani, in ya gamsu ya ɗauki nauyin rufin.

Injiniya ya fita alwala, na leƙa kwamfutar na ga ƙofar masallacin cikin duhu. Ni da na tsufa ina gyaran fitilar ƙwai, wannan har aiki ne? Na ja fitilar zuwa ɗaya gefen, ƙofa ta haskaka tar.

Da baƙi suka zauna aka kunna, sai rana ta ɓullo ta bayan sahu ta nufi alƙibla. Liman ya miƙe zumbur.

"Innalillahi! Rana daga yamma? Ai an rufe ƙofar tuba ke nan!"

Alhaji ya ɗaure fuska. "Wa ya yi aikin ga?"

Na ɗaga hannu, na sallama rufin a raina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fashe da dariya.

"Tunda tashin duniya ya matso, a hanzarta kawo kwano."

Masallaci dai ya rufu, alhamdu lillahi. Amma har yau in na shiga sahun asuba, sai wani ya raɗa mini, "Shugaba, ta ina za ka hiddo muna ita yau?"