Ranar da Na Hana Tuwon Surukata Shiga Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da shingayen sojoji suka cika Kano ba, don a cikinta na kunyata kaina a gaban surukata. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti kusa da Ƙofar Na'isa, sai wata ƙwayar cuta mai taurin kai ta ɓulla a ɗakin waɗanda bam ya raunata. Duk maganin da aka ba ta, ko gezau.

Na ɗebi ƙwayar daga raunukan majinyata don a aika kudu a duba ko iri ɗaya ce. To ga dokar hana fita, ga firjinmu babu wuta. Don kada ta mutu kafin hanya ta buɗe, sai na riƙa sauya mata faranti ina zuba mata sabon abinci, mako bayan mako (ko kajin gidanmu ban taɓa yi wa irin wannan hidima ba).

Da sakamako ya dawo, aka ce samfuran sun ɗan bambanta da juna. Nan take kaina ya kumbura. Na miƙe a taron likitoci na ce ƙwayoyi ne iri-iri, kuma a kulolin 'yan dubiya ake shigo mana da su. Aka hana shiga da abinci. Wadda dokar ta fara faɗa wa kuwa ita ce Hajiya, surukata, da ta tako a ƙafa tun daga Mandawari da tuwo miyar kuka, za ta kai wa ɗanta, ɗan'uwan matata, da ke kwance a asibitin. Mai gadi ya ce mata umarnina ne, har da nuno ni ta taga. Na laɓe bayan firji.

A taro na gaba babbar likitarmu ta tambaye ni yadda na adana samfuran. Na ba ta labarin farantaina da alfahari. Ta cire tabarau, ta ce ai ƙwayar nan in ta daɗe tana hayayyafa takan ɗan sauya da kanta, kamar yadda jika ba ya fitowa sak kakansa. Asalinsu ɗaya, kuma an gano ta a wurin wanke hannu na ɗakin majinyatan.

"Malam, bambancin nan a hannunka aka haife shi," in ji ta. "Kai ka yi kiwonsu."

Aka tuntsire da dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Juma'a muka je Mandawari ni da matata, na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa ina ta kame-kame. Hajiya ta amsa gaisuwata lafiya lau, har da sannu da aiki. Sai da za mu tafi ta miƙa wa matata kular tuwo, ta ce, "Ki ce ya kai asibiti a auna tukuna, kada mu cutar da shi."

Tun daga ranar, kafin in zargi kular kowa, farantina nake fara dubawa.