Rasuwar Mai Nasara, Manyeton Gidan Alkasum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Alkasum na garin Mirriya suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Damagaram da kewaye rasuwar babban masoyinsu, Mai Nasara, manyeton gidan, wanda mutanen Kano ke ce wa rikoda. Ya rasu ranar Laraba bayan la'asar, a kan tabarma bayan rumbu, a hannun mai shi. A bakin aiki ajali ya same shi, yana tsakiyar magana.

Marigayin ya zo Mirriya ne a shekarun da ruwa ya dawo bayan farin farko, lokacin da Alkasum ya sayar da wake da gyaɗa ya tafi Kano, ya dawo da shi a naɗe cikin bargo a saman kamyo, babbar motar kaya. Zuliha, matar Alkasum, ta ɗinka wa manyeton riga mai baki da leshi tun kafin ta ɗinka wa kanta ta salla. Ranar da aka fara murɗa shi, sharhin kokawa ya kamo, ana cikin faɗa ɗan Damagaram ya kai abokin karonsa ƙasa, sai taron da ke ƙofar gida ya raɗa masa suna nan take. Ba a yanka rago ba, amma an raba goro.

Duk wanda ya yi samartaka a wancan zamani shaida ne a kan halin marigayi. Ba ya rowa, ba ya zaɓen baƙo. Shi ya riƙa maimaita wa matasan Mirriya waƙoƙin Indiya da suka gani a silima a Damagaram, har suka haddace su kaf ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Shi ya kawo musu gitar Kwango, suka riƙa taka rawa da wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, gashi a tsefe kamar kwando. Da goge da kalangu da wasan kwaikwayon rediyo, babu wanda bai iya ba. Alkasum shi ne sarkin samari a lokacin, yana tafe manyeto a kafaɗa, yara na biye, kuma tuwon gidansa ba a tambayar wa zai ci. In kaset ya sarƙe, sai a zaro shi a hankali a naɗe da bik, wato biro, marigayin ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Inno, mahaifiyar Alkasum, ita kaɗai ba ta yarda da shi ba. In ta zo wucewa sai ta toshe baki da gefen zane, wai kada ya sace mata murya.

Tsoron Inno ba a banza ba ne, domin marigayin yana kama murya. A bikin ƙanwar Alkasum, shekarar da gero ya yi kyau har aka rasa inda za a zuba shi, an ajiye shi kusa da matan da ke lugude. Ya ɗauke komai: taɓare suna sauka a jere, tafi a tsakani, guɗa, wani zakara da ya yi cara ba lokacinsa ba. A tsakiyar kaset ɗin kuma akwai muryar Indo, 'yar maƙwabciyarsu Iya Hajara, tana dariya tana cewa, "A ƙaro gero, akwai a rumbu!" An yi ta kunna wannan kaset ana dariya, daga baya aka jefa shi cikin kwalla aka manta.

Sai fari ya dawo. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa. Indo ta rasu wajen haihuwa a farkon wahalar. Samarin da suka yi rawa suka watse, wasu Kano, wasu inda ba a sake jin labarinsu ba. Alkasum ya sayar da awaki, ya sayar da keke, Zuliha ta fitar da kwanukan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya. Rumbu ya ƙare tas, har aka share ƙasansa da tsintsiya aka tankaɗe.

To a Mirriya ba sai mutum ya faɗi halin gidansa ba, turmi ne ke faɗa. In la'asar ta yi, kowa yana jin gidan da ake daka da gidan da aka yi shiru. Alkasum kuwa, Allah Ya yi shi da tsinannen girman kai irin na wanda ya saba bayarwa. Ya gwammace ya haɗiyi garwashi da ya buɗe baki ya ce ba shi da shi. Saboda haka ya tono tsohon kaset ɗin biki, ya kai marigayin bayan rumbu kusa da danga, ya rage murya daidai yadda za a ji daga waje. Kullum bayan la'asar sai daka ya tashi a gidan Alkasum, har da tafi da guɗa, alhali Zuliha na zaune gaban murhu tana dafa ganyen da ta tsinko a daji, yara uku na kallon tukunya.

Marigayin ya riƙe wannan amana da gaskiya, kuma riƙon nasa ne ya ja wa gidan. Mazan unguwa suka yarda ɗari bisa ɗari. Suna wucewa suna cewa Alkasum mutum ne mai dabara, ya ɓoye hatsi tun da sauran dama. Da motar taimako ta kawo jar dawa, mai unguwa ya zo ƙofar gidan, ya ji lugude, ya ce nan ba sa bukata, ya wuce gaba. Alkasum na tsaye bayan danga yana jin takun mutumin yana nisa, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ranar Zuliha ta dube shi ta ce, "Malam, yara fa ba sa cin kaset." Ya ce ta yi haƙuri, damina ta kusa. Inno kuwa a lokacin ta daina tashi daga kan gado sai an ɗaga ta.

Rashin lafiyar marigayi ta faro ne daga pil, wato batir. Wanda bai iya sayen tiya ɗaya ta gero ba, ina zai ga kuɗin pil? Sai Alkasum ya koma ga maganin gida da kowa ya sani. Ya riƙa shanya tsofaffin pil a kan rufin rumbu su sha rana, ya cije su da haƙori, wani lokaci ya tsoma su a ruwan zafi. Sukan farfaɗo su ba da dakan yini ɗaya. Muryar matan ta fara kauri, taɓare suka riƙa sauka a gajiye, kamar su ma yunwar ta kai gare su. Ranar Laraba ɗaya daga cikin pil ɗin da ya sha cizo ya fashe a ciki. Marigayin ya ja muryar Indo a hankali, "A... ƙa... ro..." bai ƙarasa ba.

Alkasum ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya buga bayansa, ya kira sunansa. Washegari ya goya shi ya taka da ƙafa har kasuwar Dole a Damagaram, wajen Sha'ibu mai gyaran rediyo. Sha'ibu ya kwance bayan, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce, "Sarkin samari, sai haƙuri. Ruwan pil ya cinye hanjinsa, ya narke har kan kaset ɗin. Ko manyeton wa aka kawo, wannan kaset ba zai ƙara magana ba." Alkasum ya roƙe shi ya sake dubawa, ya ce zai bar masa hularsa da rigarsa. Sha'ibu ya ce ba maganar riga ba ce.

La'asar ta biyu da aka yi shiru, sai ga Iya Hajara ta yi sallama, tana dogara sanda. Alkasum ya fito da sauri yana cewa mata yau sun yi daka da wuri. Tsohuwar ta zauna a bakin rumbu ta ce, "Alkasum, zauna. Kwana biyu ke nan Indo ba ta yi magana ba."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

Ta ce, "Maza ka ruɗa, ɗana, ba mata ba. Wane daka ne ba ƙaiƙayi, ba dusa, kaji ba sa taruwa? Kuma zakaran nan na ci namansa da kaina ranar bikin. Mun yi shiru ne don mun ga kana so a yi shiru. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, kullum ina jingine da dangar nan ina jiran wurin da take dariya."

Alkasum, wanda bai yi kuka ba ranar da ya sayar da keke, ya kife kai a gwiwa ya yi ta yi. Ya ce, "Iya, Inno tana ƙarewa a ɗaki. Ni kuma ban iya roƙo ba. Na gwada, bakina ba ya buɗuwa."

Ta ce, "To kada ka roƙa. Mutuwa aka yi a gidanka, ni ma a nan na sake rasa 'yata. Ka sanar da mutane. Ai ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu rabbana." Ta kwance bakin zanenta ta juye masa abin da ke ciki, jar dawa ce da ba ta cika tafin hannu biyu ba.

Marigayin ya rasu ya bar mai gidansa Alkasum, wanda har yanzu kafaɗarsa ta dama ke karkace saboda ɗaukarsa. Ya bar Zuliha da ta ɗinka masa riga, da yara uku da ba su taɓa yin barci ba sai sun ji muryarsa. Ya bar Inno, wadda da aka gaya mata ta ce dama ta san ƙarshensa ke nan, sannan ta tambaya ko da ɗan kunu. Ya bar kwalla guda ta kaset marayu, na Indiya da na goge, babu mai kunna su. Ya bar Iya Hajara.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi, ranar kasuwa, don mutanen Zermu da Tirmini da suka taɓa taka rawa a gabansa su samu halarta. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, iyalan kuma sun amince, amma ya yi alkawarin zuwa ya yi addu'a ga masu rai. Za a binne marigayin cikin rigarsa a bayan rumbu, da kaset ɗin a cikinsa. Ba za a raba goro ba, ba za a yi gumba ba, kada kowa ya zo da sa ran haka.

Malam Alkasum ba ya roƙon kowa komai. Yana tuna wa jama'a kawai cewa al'adar gaisuwar mutuwa ba ta canza ba, kuma ba a raina abin da mai ta'aziyya ya riƙo, ko gero, ko dawa, ko dusa, ko a bakin zane ne. An wanke turmi an ajiye shi a tsakar gida. Iya Hajara ta ce in an samu abin da ya rufe gindinsa, ita za ta riƙe taɓarya, ita za ta faɗi maganar Indo. Masu niyyar zuwa, don Allah kada su jira sadakar bakwai, Inno ba lalle ta kai ba.

Gidan ba shi da wuyar ganewa. Shi ne wanda in la'asar ta yi ba a jin komai daga cikinsa.