Yadda Na Zama Matashi da Hatimin Hukuma

Jiya Asabar, wajen ƙarfe biyu na rana, aka tsayar da ni a ƙofar filin ƙwallon unguwarmu a nan Shillong, aka karanta mini laifina a bainar jama'a: na tsufa. Shekara saba'in da huɗu ina aikata wannan laifi sannu a hankali, ban taɓa zaton akwai ranar da za a kama ni ba.

Kun dai san Pyrthat, 'yan kiɗan rok ɗin nan namu da suka shafe shekara arba'in da biyu suna hana garin nan barcin rana. Sun ce jiya ne wasansu na ƙarshe, don muryar mawaƙin ta soma dushewa, kafaɗar mai ganga kuma likita ya ja mata kunne. Matata, Kong Phidalis (mu nan Kong ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Bah), rabonta da sauka daga gidanmu tun watan Janairu. Matakala tamanin da shida ce tsakanin ƙofarmu da titi, gwiwarta kuwa ta ɓata da kowace ɗaya. Bikin jikan yayarta ma saƙo ta aika. Amma da ta ji cewa na ƙarshe ne, ta ce ko da rarrafe sai ta je. Muka sauko da ita, ni ta dama, 'yarmu Banri ta hagu, jikarmu Daphi a baya da kujerar roba, muna hutawa duk matakala goma. Na san ba za ta sake irin wannan saukowa don wani kiɗa ba. Ita ma ta sani.

Ashe manya sun riga mu tunani. Kwamitin da ya shirya taron, ƙarƙashin Mai Girma Uban Matasa, ya ce da sunan matasa aka yi abin, saboda haka ba mai shiga sai ɗan shekara sha takwas zuwa talatin da biyar. Ba su ɓoye ba, kada a yi musu ƙage: sanarwar tana shafi na huɗu na wata takarda da aka manna a bayan ƙofar ofis. Har na'ura suka sayo daga nesa mai duba katin shaida. Ta nuna kore ka wuce, ta nuna ja ka koma gida ka yi tunanin rayuwarka. Ni dai na yaba. Famfon unguwarmu shekara uku ke nan yana tari ba ya kawo komai, ramin da ke titin kasuwa har masu tasi sun raɗa masa suna, amma cikin mako biyu an samo injin gano tsofaffi. Shi Uban Matasan, Allah ya ƙara masa ƙuruciya, benci ɗaya muka zauna da shi kafin in bar makaranta a aji huɗu in kama aikin kafinta. Ta ƙofar baya ya shiga, inda babu na'ura.

Daphi ta miƙa katinta, kore. Nawa ja, na kakarta ja. Banri ta miƙa nata tana gyaran gashi, ja.

Mai gadin ya ce, "Kong, ki yi haƙuri, arba'in da huɗu ta nuna."

Banri ta ce, "Ka ƙara ɗaga murya mana. Akwai wani kurma a bakin kasuwa da bai ji ba."

Daphi ta cusa tikitinta a aljihu ta dawo wurinmu. "Pa-ieid, in Mei-ieid ba ta shiga, ni ma ba inda za ni." Haka take kiranmu, ni da kakarta. Na ce mata kada ta yi wauta, ta shiga ta ba mu labari. Ta yi kamar da ginshiƙin ƙofa nake magana. Halin gidan uwarta ne, ba nawa ba.

Muka dasa wa Kong Phidalis kujerarta a rumfar mai shayi, daura da ƙofa. Kafin a jima mun kai mutum ɗari biyu a wurin, masu furfura da masu rini, kowa da lemarsa. Mai gadin, mutum ne mai ladabi, ya matso ya ce mini, "Bah Klensing, kada ranka ya ɓaci. Amma dattijon coci kamarka, me ya haɗa ka da wannan hayaniya?"

Matata ta riga ni. "Tambaye shi wa ya yanke musu waya."

Ni ne, kuma ba na musu. Lokacin Banri tana tatata, muna zaune a gidan surukata, don matata ce auta, a al'adarmu kuwa auta mace ce ke gadon gida. Tsohuwar ta ba wasu samari huɗu masu gashi har kafaɗa aron rumfar itacen da ke bayan gida, suna gwajin kiɗa, su ne Pyrthat ɗin nan. Na yi wa'azi, na yi kashedi, ranar da na gaji na ɗauko filaya na datse musu wayar wuta. Ba a shekara ba tsohuwar ta rasu. Kwana uku gawa tana gida ana karɓar gaisuwa, yaran nan su ne faskare, su ne ɗibar ruwa, su ne wanke kofuna, ba wanda ya sa su. Safiyar rana ta uku ina tsakar gida ina goge katakon akwatin gawa, sai mawaƙin ya ɗauki jita, ba wuta ba lasifika, ya rera waƙarsu ta mutumin da ya sauka ramin kwal bai dawo ba. Ashe ita ce waƙar da tsohuwar ke yi ƙasa-ƙasa in tana tsince shinkafa, ni kuwa duk tsawon lokacin na ɗauka waƙar coci ce da ban iya ba. Na ajiye kayan aiki na tsaya har ya gama. Bayan jana'iza na haɗa musu wayarsu da hannuna. Ban ba su haƙuri ba, don ban ga laifina ba. Gyarawa kawai na yi.

Banri ta ce, "Ni kuwa a ɓoye na fara sauraronsu. Shekarar da aka rufe makarantu wata biyu, kaset ɗaya gare ni, da biro nake mayar da shi baya don kada batir ya ƙare. Ƙarƙashin katifa nake sa shi saboda tsoron Pa. Rannan na nema na rasa, na yi kuka har na gode Allah. Da aka aike ni kai masa abinci shago, me zan ji yana tashi a rediyonsa?"

Na ce, "Bincike nake yi, in ji ko akwai maganar banza a ciki."

"Wata bakwai kana binciken, Pa."

Daphi kuma a Delhi ta fara jin su, inda take karatu, inda kullum sai an tambaye ta daga wace ƙasa ta zo. Ta ce wata rana kewar gida ta ishe ta, tana latse-latsen waya sai ta ji ana ihu da harshenmu, ganga kamar ruwan sama a kan kwano. Nan take ta buga wa kakarta: "Mei-ieid, kin san wasu Pyrthat?" Kakar ta ce, "Na san su mana. Har yau ba su dawo mini da butar shayina ba."

Muna cikin dariya sai ga wani tsoho ya taho a ƙafa, sandunan ganga a aljihun baya. Bah Wilbat ne, mai gangar Pyrthat. Ayarin motocin Mai Girma ya toshe hanya, shi ne ya sauka daga tasi ya tako. Ya miƙa kati. Ja.

Mai gadin ya kusa kuka. "Bah, hotonka yana manne a ɗakina. Amma in ba kore, ƙarfen ƙofar ba ya buɗewa, ni kuma an ce duk wanda na ɗaga wa a bakin aikina."

Bah Wilbat ya ce, "Ka yi aikinka, ɗana." Ya juyo ya hango matata. "Kong Phidalis! Ke ce kika sauko?" Ya ja benci ya zauna kusa da ita, ya sa aka kawo masa jan shayi.

Can ciki Mai Girma ya gama jawabinsa na minti hamsin kan cewa matasa su ne gobe. Goben ta fara buga ƙafa tana kiran Pyrthat. Ba a daɗe ba sai ga Babban Mai Hatimi, sakataren kwamiti, ya fito da gudu, lema a hannu, gumi a wuya. "Bah Wilbat! Ta baya, ta baya, zo mu je!"

"Ni ta gaba nake shiga wasana. Kuma doka ta ce tsofaffi a waje. Ga ni a waje."

"To kai dai an yi maka rangwame."

"Mu ɗari biyu ne, ranka ya daɗe. Ƙirga."

Mai Hatimi ya ce soke doka sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai watan gobe. Bah Wilbat ya ce ba komai, a ƙara masa shayi. Ihun ciki ya ƙaru. A nan ne na ga amfanin ilimi mai zurfi, irin wanda ban samu ba. Mai Hatimi ya yi waya uku, ya dawo fuskarsa a sake: ba za a taɓa doka ba, mu za a taɓa. Aka kawo tebur da damin takardu, kowane tsoho aka rubuta sunansa, aka buga masa hatimi cewa shi Matashi ne na Girmamawa. Mai gadin ya zare wayar na'urar, ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu yana murmushi.

Bah Wilbat da kansa ya riƙe hannun matata har gaban dandamali. Manyan kujerun alfarma duk wayam, don masu su sun tafi da ƙarewar jawabi. Aka zaunar da ita a ta tsakiya, mai laushin da gwiwa ke so. Ban san me ya shiga idona ba lokacin da aka buga gangar farko. Muryar mawaƙin ta gaza a baiti na biyu, ya miƙo mana abin magana, fili duka ya ɗauka: Daphi na tsalle, Banri ta manta da arba'in da huɗu, Kong Phidalis tana buga sandarta a ƙasa daidai da ganga, ba ta kuskure kalma ɗaya ba. Kafin magariba aka tashi. Hawan matakalar ya ci mana kusan awa guda, tana hawa tana waƙa, tana tsayawa tana zagin gwiwa.

Takardar tana nan gabana, da hatimi shuɗi da sa hannu. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya riƙe bakinsa. In labari ya kai ga masu biyan fanshon tsofaffi cewa ni matashi ne, irin saurin da za su yi aiki a ranar, garin nan bai taɓa ganinsa ba.