Yadda Injin Ciyaman Ya Yi Suna

Duk wanda bai san Alhaji Maikuɗi ba, to bai taɓa taka gona tsakanin Kura da Bunkure ba. Shi ne ciyaman na ƙungiyar masu ban-ruwa ta sashenmu, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma a faɗarsa, ba don shi ba da ruwan Tiga bai san hanyar gonakinmu ba. Makullin ƙofar kanal, wato babbar hanyar da ke kawo mana ruwa, yana rataye a wuyansa da shuɗiyar igiya, a saman babbar riga, don kada wani baƙo ya ɗauka shi ma mutum ne kamar kowa. Da makullin yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa jana'iza. Mu mata muna ce masa Sarkin Makulli. Shi ya fi son a ce Injiniya, duk da injin ban-ruwa ɗaya tak da ya mallaka ya fi shekara goma yana roƙon a kai shi wurin bakanike.

Bawan Allah ne mai son doka. Ruwan kanal a wurinmu rabo ne, kowane ɓangare da ranarsa. Laraba tamu ce, mu na ƙarshen layi, yawancinmu mata masu ɗan fegin tumatir da albasa. Ranar Laraba na sama ba sa tsoma tiyo, don ruwa ya samu ya gangaro mana. Wa ya kawo wannan doka? Injiniya mana. Ya tsaya a taro, ya kama makulli da hannu ɗaya, ya ce:

"Duk wanda ya sa inji a kanal ranar Laraba, ko ɗan wane ne, a rufe masa ƙofa zagaye uku. In mai muƙami ne, ya ajiye makulli a take. Ni Injiniya na faɗa. Sakatare, rubuta."

Lukmanu sakatare ya rubuta. Muka yi guɗa, Allah ya yafe mana.

Tun ranin bara ruwan Laraba ya koma zuwa mana kamar an tofa. Gwaggo Ruƙayyatu, wadda feginta ne na ƙarshe ƙarshe, tumatirinta ya yi fure ya zubar, ganye ya naɗe. Da wannan tumatir take ci da jikoki huɗu. Sau uku tana tattaki zuwa rumfar ciyaman. Sau uku yana zaunar da ita a ƙasa yana yi mata darasi: wai rana ce take shanye ruwa a hanya, wai akwai lissafin gangare da ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗauka ba, wai ta ƙara haƙuri da addu'a. Ta tambaye shi me ya sa rana ba ta jin ƙishirwa sai Laraba. Ya ce wannan tambaya ce ta wanda bai yi karatun ruwa ba.

To a cikin wannan rani ne Abuzar da ƙanwarsa Hidaya suka fara abin da muka ɗauka taɓin hankali ne. Abuzar gyaran waya yake yi a Kura. Hidaya malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata. Sai ka gan su da rana tsaka a bakin kanal, sun naɗe makirufo a leda sun zura cikin ruwa, sun toshe kunnuwa suna gyaɗa kai kamar masu jin wa'azi. Sun naɗi kukan kwaɗi. Sun naɗi ƙarar bututu lokacin da ya kama ruwa, da tafasar gangunan masu turara shinkafa, da gwangwanayen korar tsuntsu. Su koma gida, su zuba a wata tsohuwar kwamfuta, su yanka, su ja, su juya, su jera.

Injiniya ya gan su. Ya ce bakin kanal ba wurin shashanci ba ne, ya hana su taka babbar gaɓa, har ya aika wa mahaifinsu cewa a nema wa yaran nan magani. Da aka kore su daga sarari, sai suka koma shiga dajin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, da ke bayan kwanar kanal, inda ba mai zuwa saboda macizai da matsattsaku. Ku riƙe wannan.

Bayan damina suka saki albam. Sunansa Ruwan Rani, su kuma suka kira kansu Kacala. Ba waƙa, ba baiti, ba muryar mutum ko ɗaya. Sauti bakwai ne, kowanne da sunan ranar da aka naɗe shi, kamar yadda muke rabon ruwa. Ni da na fara ji na ce wayar ce ta lalace. An kai wa Malam Abdussalam na Islamiyya don ya faɗi ko kiɗa ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai bai ji ganga ba, bai ji garaya ba, abin da ya ji shi yake ji kyauta kullum a gonarsa.

Amma abin ya tashi. Samarin situdiyo na Kano suka bar kiɗan da suka saba, suka bazama da makirufo wurin masu markaɗe da maƙera. Masu fim suka fara neman irinsa. Daga Legas ake kiran Abuzar, har da waɗansu ƙasashe da sai Hidaya ta duba taswira. Kuma duk cikin bakwai ɗin akwai ɗaya da ya fi tafiya da mutane: wani inji ne da ake jiyowa ta ƙarƙashin ruwa, ya buga uku, ya yi tari, ya yi shiru kamar ya mutu, sannan ya farfaɗo. Yara suka sa masa Mai Tari. Ko'ina ka bi Mai Tari ne, a shagon caji, a motar Garun Mallam, a wurin masu shayi.

A motar ne Injiniya ya ji. Daƙiƙa talatin ya saurara a wayar wani fasinja, ya dafe ƙirji. Uwa ba ta ɓata kukan ɗanta a cikin taro, shi ma bai ɓata tarin injinsa ba. Injin da aka ɗaure da roba da wayar kwano, wanda ya ƙi saya wa ko da sabon fulogi. Aka gaya masa har Turawa suna ji. Kafin motar ta iso Kura ya zama Uban Sauti.

Bai taɓa sauraron albam ɗin ba. Bai taɓa duba jerin sunayen ba. Babban mutum ba ya karanta ƙananan rubutu. Abin da ya yi shi ne ya sa aka wanke injin da omo, aka ɗora shi a kan tebur a ƙofar gida, aka lulluɓe da darduma. Ya fara ba da labarin yadda ya gano baiwar yaran tun suna rarrafe, da yadda ya tura su cikin kacala da gangan don ya san a can sauti yake. Tarin kuwa, wai shi ya saita shi da hannunsa, shekara goma yana gyara shi har ya kai haka. Wanda duk ya ce a kai injin gyara a da, yanzu ya gane dalilin da ya sa aka ƙi.

Da aka ji wata mai gabatar da shiri a rediyo, Nafisat, za ta zo daga Kano da tawagar masu haɗa sauti don su ga inda aka yi aikin, Injiniya ya karɓe taron. Ya sa rumfa a babbar gaɓa, wadda ya kori yaran daga kanta. Ya kira duk 'yan ƙungiya, har mu na ƙarshen layi, don a samu masu tafi. Lukmanu ya bi shi gida sau biyu yana cewa akwai maganar da ya kamata su yi a keɓe game da wannan sauti. Injiniya ya ce ya san hassada in ya gan ta, ko ta sa hular sakatare.

Mu kuwa tuni Gwaggo Ruƙayyatu ta sa jikarta ta karanta mata sunayen nan bakwai. Ta ce a sake karanta mata na huɗu, wanda yara ke kira Mai Tari. Ranar taro ta ɗauro sabon ɗankwali ta zauna a layin gaba.

Hantsi ya yi, aka buɗe da addu'a. Abuzar da Hidaya suna gefe a kan benci, ba wanda ya ba su makirufo. Injiniya ya yi minti arba'in. Ya fara daga kakansa, ya bi ta tarihin kanal, ya ce fasaha da ruwa tagwaye ne kuma shi ya yi musu suna. Ya ce:

"Duniya tana tambaya, wane ne Mai Tari? Yau zan huta da ɓoyewa. Yara sun riƙe makirufo, ban hana su ladansu ba. Amma sautin nawa ne."

Aka yi tafi. Sai Gwaggo Ruƙayyatu ta gyara zama, ta yi magana da murya irin ta wadda ba ta son rigima:

"Alhaji, ka yi haƙuri, ni fa na ji ana cewa injin Hambali ne. Nasa ma yana tari."

Hambali, wani manomin albasa da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe baki zai rantse. Injiniya bai bar shi ba. Fuskarsa ta kumbura. Hambali? Hambali da injinsa ɗan shekara biyu, wanda ko atishawa bai iya ba? Ya sa aka sauke injin daga tebur, ya naɗe hannun babbar riga, ya ja igiya da kansa. Sau shida. A na bakwai ya kama. Ya buga uku, ya yi tari, ya mutu, ya farfaɗo. Abuzar ya kunna na cikin albam a lasifika, suka hau kan juna daidai, ba ragi ba ƙari. Samarin Kano suka miƙe tsaye. Wani har da hawaye.

Gwaggo ta ce ita dai har yanzu da ɗan shakku, don yaran sun ce a cikin kacala suka naɗa, kuma me zai kai injin babban mutum cikin kacala?

"Ni na kai shi," in ji Injiniya, yana haki. "Da hannuna na haƙa masa rami a bayan kwana, na rufe da ciyawa, na ja tiyo ta ƙarƙashi har gonar shinkafata. Wa ya san wurin in ba ni ba? Hambali ya sani? A tambaye shi."

Lukmanu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Nafisat, baiwar Allah, ba ta san komai game da rabon ruwanmu ba. Aikinta take yi. Ta juya wurin Hidaya ta ce ta gaya wa masu sauraro sunan wannan sauti na ainihi da yadda aka haɗa shi. Hidaya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi bayani kamar tana gaban allo. Ta ce sunansa Laraba, don duk abin da ke cikinsa ranar Laraba aka naɗa. Ta ce ba naɗi ɗaya ba ne, Laraba tara ce a jere suka ɗora a kan juna, daga azahar zuwa la'asar, kuma injin bai taɓa saɓa musu alkawari ba ko sau ɗaya. Su ba su taɓa ganinsa ba, ta cikin ruwa suke jin sa. Ta ce suna godiya ga mai shi.

Injin dai yana ta tari a tsakiyar fili.

Gwaggo Ruƙayyatu ta ce, "Sakatare, ɗan karanto mana abin nan da Injiniya ya ce ka rubuta."

Lukmanu ya karanta, har da "ko ɗan wane ne." Injiniya ya fara bayanin cewa akwai bambanci tsakanin jan ruwa don noma da jan ruwa don fasaha. Malam Abdussalam ya tambaye shi ko fasahar ce ta shanye ruwan, ko shinkafar. Igiyar makulli ta maƙale a hularsa wajen cirewa, sai da Hambali ya taimaka masa. Duk wannan rediyo tana ɗauka.

An rufe masa ƙofa zagaye uku. Shinkafarsa ta koyi abin da tumatirin Gwaggo ya sani tun bara, kuma da ya zo ƙorafi aka gaya masa rana ce take shanye ruwan. Larabar da ta biyo baya ruwa ya iso ƙarshen layi har ya haura kunya, muka tsaya a ciki da zannuwanmu muna kallo kamar ba mu taɓa gani ba. Bana Gwaggo ta cika kwanduna.

Kada a ce na rage masa daraja, har yanzu ana zuwa gidansa. Duk mako sai ka ga samari daga Kano sun sauka da jakunkuna da wayoyi. Yana fitowa da babbar riga, wuya ba makulli, ya ja musu igiya, ya tsaya kusa ya gyara murya zai fara tarihin kakansa. Shekaranjiya ina wucewa na ji ɗaya daga cikinsu, da ladabinsa, ya cire abin kunne ya ce:

"Baba, don Allah ɗan matsa baya. Numfashinka yana shiga."